Giɓin da Wuta ke Bi

Idan hunturu ya kankama a Kaduna, daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, ciyawar gangaren Malali ta bakin kogi takan bushe ƙayau. Lokacin ne yara masu farautar gafiya suke yawo da ashana a aljihu, lokacin ne kuma hankalin masu lambu ba ya kwanciya. Akwai wani dattijo da nake sayen latas da alayyahu a wurinsa, can ƙasa da gidan ruwa. Kowace shekara, tun kafin a fara cinna wa daji wuta, yakan ɗauki adda da manjagara ya share layi ya kewaye lambunsa da 'yar bukkar da yake ajiye injin ban-ruwa. Faɗin layin ya kai taku uku. In ya gama sara sai ya jira safiyar da iska ta kwanta, ya sa wa abin da ya rage a kan layin wuta da hannunsa, yana biye da ita da ɗanyen reshen darbejiya, yana bugun duk inda ta nemi ta wuce iyaka. Abin da ke saura baƙar ƙasa ce fetal. Gobarar daji in ta taho da gudunta, nan take cin birki, don ba ta tarar da abin ci ba.

Na daɗe ina ganin wannan aiki ban ɗauke shi a bakin komai ba, sai da ciwo ya kama kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Lokos ta Malali. Ya fi shekara goma yana fama da hawan jini, wani lokaci ya sha magani da kula, wani lokaci sai kai ya sara masa yake tunawa da shi. Daga baya ya fara jin ƙirjinsa yana bugawa ba tsari, kamar an rufe tsuntsu a kwando. Tsakanin gida da masallaci sai ya tsaya ya huta. Da aka yi masa gwajin ECG, likita ya ce saman zuciyarsa ne yake karkarwa maimakon ya matsa. Aka yi wata da watanni ana canza magani, abin ya ƙi kwanciya. 'Ya'yansa suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka sayar da wani fili, aka kai shi Indiya. Bayan mako biyu ya dawo, ba ɗinki a ƙirji, sai ɗan tabo kamar na allura a matsematsi. Da muka je sannu da zuwa ya ce, "Sun ce sun ƙona mini zuciya ta ciki." Mahaifiyata ta yi salati, ta kama baki.

Tun ranar nake bin maganar, ina tambayar likitocin da na sani, ina karanta abin da na iya, don in gane yadda ƙuna za ta zama magani.

Zuciya gida ce mai zaure biyu a sama da ɗaki biyu a ƙasa. Su kansu masu ilmin jiki sunan zaure suka ba na saman, daga Latin. Jinin da ya gama zaga jiki zauren dama yake shiga, wanda ya sha iska a huhu ya shiga na hagu. Kowane zaure yana tura wa ɗakin da ke ƙarƙashinsa ta wata ƙofa mai ƙyaure, ɗakunan kuma su ne masu ƙarfin harba jini. Abin da ke sa su matsa bi da bi wata 'yar wutar lantarki ce da zuciya take haifa da kanta. A saman zauren dama, kusa da mashigar babbar jijiyar da ke sauko da jini daga kai da hannuwa, akwai ɗan gungun ƙwayoyin nama da Arthur Keith da Martin Flack suka gano a Ingila a 1907. Shi ne ƙyastun zuciya. Sau 60 zuwa 100 yake ƙyastawa a minti in mutum yana hutawa. Wutar ta mamaye zaurukan biyu cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan, ta taru a wani ƙulli tsakanin sama da ƙasa, wanda Sunao Tawara ɗan Japan ya bayyana a 1906. Wannan ƙulli mai gadi ne. Yakan ɗan riƙe wutar kafin ya sake ta ta sauka ɗakuna, kuma ba ya yarda a yi masa rububi a ƙofa.

Mu da muka tashi da NEPA, da an ce lantarki sai mu hango waya a kan turaku. A bangon zaure tafiyar ta fi kama da ta wutar daji. Kowace ƙwayar nama in ta kama sai ta kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba, kamar yadda gamba take kama gamba. Ta fi gudu idan ta bi tsawon zaren nama, ta rage in za ta ratsa shi a kaikaice, yadda wuta ta fi sauri in tana bin iska. Inda ta ci kuma ba ta iya komowa ta sake ci nan take, sai ya farfaɗo. Wannan ne ya sa kowace wuta take mutuwa da kanta: ta isa bango, bayanta duk toka, ba wurin juyawa. Bambancin kawai, ciyawar bakin kogi sai damina take komowa, ta zuciya kuwa cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ta sake tsirowa, tana jiran ƙyastu na gaba.

To, a ce akwai kududdufi a tsakiyar fili. Wuta ta zo, ta hagu ta tarar da wurin da bai gama farfaɗowa ba ta mutu, ta dama ta wuce ta zagaya bayan kududdufin. In zagayen yana da tsawo, ko tafiyar ta yi nawa, kafin ta komo inda ta faro ciyawa ta sake tsirowa. Sai ta sake ci, ta sake zagayawa, ta yi ta yi ba ranar tsayawa, ba ta ƙara sauraron ƙyastu. Wani matashin masani ɗan Ingila, George Mines, ya nuna haka ƙuru-ƙuru a 1913 da 1914. Ya yanka naman zuciyar kunkuru da na kifi kamar zobe, ya tsokane shi sau ɗaya a daidai lokacin da ya dace, motsin ya yi ta kewaya zoben. Da ya datse zoben a wuri guda, komai ya tsaya cik. Duk aikin da aka yi wa kawu daga wannan almakashi ya samo asali.

A zuciyar mutum kududdufan suna nan tun haihuwa: bakunan jijiyoyi da ƙofofin ɗakuna. Akwai ciwon da wuta take kewaya ƙofar da ke tsakanin zauren dama da ɗakinsa wajen sau 300 a minti. Mai gadi yakan bar ɗaya cikin biyu ta wuce, sai a auna bugun mutum a samu 150, daram, ba ragi ba ƙari. Wannan mai sauƙi ne, domin dole zagayen ya bi ta wani siririn zirin nama tsakanin ƙofar da bakin babbar jijiyar da ke hauro da jini daga ƙasan jiki. In aka ja layin ƙuna na 'yan santimita a kan zirin, an datse zoben. Tun farkon shekarun 1990 ake yinsa, kuma nasararsa ta haura kashi 90 cikin 100. Na kawu shi ne mai wuya. A nasa wutar ta kakkarye ne ta zama ƙanana barkatai, sama da 350 a minti, zauren ba ya matsawa, sai makyarkyata. Jini yakan kwanta a wani lungu na zauren hagu ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai wannan ciwo ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki wajen ninki biyar.

A 1987 wani likitan fiɗa, James Cox, a birnin Sent Luwis na Amurka, ya buɗe ƙirji ya yayyanka bangon zaurukan ya ɗinke, don tabon ɗinkin ya zama katangu, ya bar wa wuta lungu ɗaya tak da za ta bi daga ƙyastu zuwa mai gadi. Aikin ya yi, amma babbar fiɗa ce. Sai a 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordo ta Faransa suka buga abin da suka gani a marasa lafiya 45. Sun bi sawun tartsatsin da ke tayar da gobarar, suka sami wurare 69, kuma 65 daga ciki suna cikin jijiyoyi huɗu masu dawo da jini daga huhu zuwa zauren hagu. Wato an gano inda yaran suke ƙyasta ashana. Da farko cikin jijiyar ake shiga a ƙona wurin, sai aka ga tabon yana tsuke ta. Aka koma yin abin da dattijon lambu yake yi: a ja layi a kewaye bakunan jijiyoyin daga waje. Tartsatsi ya yi ta tashi a ciki in ya ga dama, ba shi da hanyar fita fili.

Abin ƙunar wata siririyar waya ce mai sulɓi da ake cusawa ta jijiyar matsematsi, a tura ta har zauren dama, a huda siririn bangon da ya raba zaurukan a shiga na hagu. Bakinta ƙarfe ne ɗan milimita 3 zuwa 4. Wutar da ke fita daga nan tana kaɗawa kusan sau 500,000 a sakan, dab da farkon matsakaicin zangon da iyayenmu suke murɗawa su kamo Rediyon Najeriya Kaduna. Daga nan sunan rediyo ya shiga sunan da likitoci suke kiran aikin da shi. Wutar gida sau 50 take kaɗawa a sakan, shi ya sa take fizgar mutum, tana iya ma hargitsa bugun zuciya. Mai saurin nan kuwa ta wuce abin da jijiya da tsoka suke iya amsawa, zafi kawai take bari.

Magani da zafi ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu sun san sakiya, a gasa ƙarfe a huda kumburi. Kuma kowa ya san halin tabon ƙuna: wanda tafasasshen ruwa ya taɓa zuba masa a hannu yana yaro, har ya tsufa wurin ba ya fitar da gashi. Fata ce, ta rufe rauni, amma ta daina aikin fata. Haka naman zaure yake. Da zafinsa ya kai digiri 50 na ma'aunin Salshiyas, ƙwayoyin suna mutuwa, cikin makonni jiki ya maye gurbinsu da tauri irin na jijiya. Bangon yana nan, yana riƙe jini, amma wuta ba ta kama shi. Baƙar ƙasa ke nan.

Sai dai kowace ƙuna ɗigo ce, faɗinta bai wuce na ƙwayar wake ba. Layi kuwa sai an jera ɗigo kusa da ɗigo, gommai, a cikin zuciyar da take bugawa, a ƙirjin da yake numfashi, likita yana kallon allon kwamfuta, hannunsa yana can wajen cinya. Kuma kowane ɗigo dole ya ratsa kaurin bangon tun daga ciki har waje. Duk macen da ta taɓa suyar waina ta san matsalar. In wuta ta yi wa tanda yawa, baya ya ƙone, ciki ƙullu. Wutar wayar naman da ke manne da bakinta kawai take dafawa kai tsaye, kamar milimita ɗaya. Sauran zurfin sai zafi ya ratsa a hankali, ga jini yana wucewa yana sanyaya wurin. In aka matsa wuta har ta kai digiri 100, jini yakan ƙone ya yi ɓawo a bakin ƙarfen ya tare zafin, ko tururi ya taru cikin naman ya fashe. Shi ya sa wayoyin yanzu suke fesa ruwan gishiri a bakinsu, wasu kuma suna auna nauyin dannawar da giram. Wuce gona da iri ma haɗari ne. A wasu wurare kaurin bangon bai fi milimita 2 ba, kuma hanyar abinci tana kwance a bayan zauren hagu, kusan jingine da shi.

Kawu ya yi mako biyar lafiya lau, har ya fara zancen komawa gona. Ran nan da asuba ƙirjin ya tashi. Amma wannan karon ba tsuntsu a kwando ba ne, bugu ne mai tsari, da sauri, ba ya ko numfasawa. Na sa yatsa a wuyan hannunsa ina duban agogo, na ƙirga kusan 140. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ai ya fi na da. Na da yakan zo ya tafi." Gida ya ɗauki zafi. Wasu suka ce an ci kuɗinmu a banza, wasu suka ce dama ai an faɗa kada a bari a taɓa zuciya. Ni ma raina ya ɓaci, har na faɗi maganganun da daga baya na ji kunyarsu. Likitan zuciyar da yake duba shi a nan Kaduna ya shimfiɗa takardar ECG, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, wannan sabon zagaye ne. Da alama layin da aka ja ya buɗe a wani wuri."

Da yamma na gangara lambu, ba don sayayya ba, don dai in sha iska. Na tarar da dattijon yana bin layinsa a sunkuye, kwana uku bayan ya ƙona shi. Na ce, "Baba, ba kun gama wannan aikin ba?" Ya ɗago wani dogon karan gamba da iska ta kwantar a kan baƙar ƙasar, kansa a wannan gefe, gindinsa a wancan. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi kaɗai ya ishe ta gada."

Abin da ya fi ɗaure mini kai, wanda kuma sai da na yi ta juya shi kafin ya zauna, shi ne yadda ƙaramin giɓi ya fi rashin layin gaba ɗaya iya tayar da fitina. Inda ba layi, wuta takan share filin a guje ta mutu. Inda akwai giɓi kuwa, 'yan ƙwayoyin da suka tsira a tsakanin tabo biyu sun sha zafi, sun jigata, ga su tsiraru. Wuta ba ta gudu a cikinsu, ci take yi a hankali irin na wutar ƙaiƙayi, wadda za ka rantse ta mutu alhali tana tafiya ta ƙarƙashi. Wannan jinkiri shi ne masifar. Kafin ta fito ɗaya gefen, ciyawar can ta gama tsirowa, ta tarar da fili sabo fil. In akwai wani giɓin a gaba, ta nan za ta sake shiga, zobe ya haɗu.

Lissafin ba shi da wuya. Mu ɗauka wuta tana cin santimita 80 a sakan, nama kuma yana buƙatar kashi ɗaya cikin biyar na sakan ya farfaɗo. Kafin ya farfaɗo ta yi tafiyar santimita 16, ke nan duk zagayen da bai kai haka ba, kanta zai ci karo da tokar jelarta ta mutu. Zauren hagu mai lafiya faɗinsa bai cika wuce santimita 4 ba, da ƙyar irin wannan zagaye zai sami wurin zama. Amma a ce gudun ya faɗo zuwa santimita 10 a sakan. Yanzu zagayen santimita 2 ya isa, abin da bai kai kewayen kwabo ba. Jinkirin da giɓi yake kawowa shi ke ba gobara ɗaki a inda da ba ta da shi.

Akwai wani hali na giɓi kuma da duk mai hura wutar icce ya sani. Gungumen da yake ci yana kunna tsinke nan da nan, amma tsinke da ƙyar yake kunna gungume. Wutar da ta taho daga fili mai faɗi tana shiga siririn giɓi ba wahala. Wadda za ta fito daga siririn giɓi ta kunna fili mai faɗi kuwa, ƙarfinta yakan rarrabu ya kasa, wani lokaci ta mutu a bakin fita, wani lokaci ta tsallake da ƙyar. Saboda haka giɓi ɗaya yana iya barin wuta ta wuce gabas ya hana ta komowa yamma, ko ya tare ta in tana zuwa a jere da sauri ya sake ta in ta sassauta. Toshewa ta gefe guda kuwa, ita ce sharaɗin farko da Mines ya nuna zagaye yana buƙata.

Na tambayi likitan, to me ya sa ba su rufe layin tun farko ba? Ya ce mai yiwuwa sun rufe, a idon ranar. A kewayen kowane ɗigo akwai naman da bai mutu ba, ya suma ne kawai, ga kumburi ya danne shi. Kamar a yayyafa wa ciyawa ruwa: yau ka kawo ashana ba za ta kama ba, jibi rana ta busar da ita. Wani wurin kuma saman ne ya ƙone, can ƙasa akwai zare mai rai. Nan na tuna da tofa. Duk manomin fadama ya san tofa: ka ƙona ta ƙurmus, saiwarta tana kwance a ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta huda toka ta fito kore shar. Idan aka koma da mutanen da karkarwar ta komo musu aka duba, abin da aka fi tararwa ke nan, ɗaya daga jijiyoyin huhun ta sake haɗewa da zaure.

Masu aikin sun san haka, shi ya sa ba sa yarda da ganin ido. In sun gama layi sukan kunna 'yar wuta da gangan a gefe ɗaya, su sa kunne a ɗaya gefen su ji yaushe za ta iso. In layin ya rufe, sai ta yi dogon zagaye, ta iso a makare kuma daga wata fuska daban. Sai su juya su gwada daga can zuwa nan, domin layin da ya tare iskar gabas kaɗai bai gama aiki ba. In suka ɗora wayar a kan layin kansa, sukan ji motsi biyu a rarrabe, na wannan gefe da na wancan. Inda motsin biyu suka matso juna har suka haɗe da 'yar doguwar raɗa a tsakaninsu, nan giɓin yake. Sukan jira minti 20 zuwa 30 su sake gwadawa, wasu har da allurar adenosin, wadda take farkar da naman da ya suma na ɗan lokaci ya tona kansa. Duk da haka sai tabo ya nuna kafin a san gaskiyarsa. Shi ya sa aka saba ɗaukar wata biyu zuwa uku na farko a matsayin lokacin jira, don rikicin da kumburi ya tayar yakan kwanta da kansa.

Mai karatu zai ce, to a ja layuka da yawa mana, a huta. An gwada. Wani babban bincike da aka buga a 2015, mai suna STAR AF II, ya raba marasa lafiya 589 masu karkarwar da ta zauna. Wasu aka kewaye musu jijiyoyin huhu kawai, wasu aka ƙara musu layuka ko ƙarin ƙuna a bango. Ƙarin bai haifar da ƙarin waraka ba. Ni wannan sakamako ya kwanta mini, domin kowane sabon layi sabon wurin giɓi ne, kuma zaure ba daji ba ne da za a ƙone a tafi. Ana son ya ci gaba da matsawa yana cika ɗaki, ana son wutar ƙyastu ta sami hanyarta zuwa hagu a kan lokaci. Wanda ya share lambunsa duka don tsoron gobara, me zai kai kasuwa? Yanzu ma an fito da wasu hanyoyin, na daskarewa da sanyi da na bugun lantarki mai huda ƙwayoyi ba tare da zafi ba, wanda Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2023. Su ma tambayar da ake yi musu ɗaya ce, ko layin ya rufe kuma zai daɗe a rufe.

Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan tafiya shi ne shekarun da suka gabace ta. Tun kafin wata waya ta shiga zuciyar kawu, hawan jini ya riga ya yi nasa zanen. Shekara da shekaru yana buɗa zauren hagu, yana barin ƙananan tabbai nan da can ba tsari, ciyawa tsilli-tsilli, kowane tsakani giɓi ne. Ga kuma yaranmu da ciwon maƙogwaro yake kamawa a bar shi ba magani, ya koma ya lalata ƙyauren zuciya, su kai shekara talatin da zaure kamar tulu. Zauren da ya buɗe haka, ko an ja layi mai kyau, wuta tana da sauran wuraren zagaye. Awon jini a kemis ɗin unguwa, ƙwayar da ake sha kullum ba sai kai ya sara ba, gwajin ECG da ake yi a asibitin Barau Dikko ko na Shika da ma ƙananan asibitoci da yawa, duk kuɗinsu bai kai na tikitin jirgi ɗaya ba. Mu kuwa fili muka sayar.

Wata uku suka wuce, sabon bugun bai kwanta ba. Aka riƙe shi da maganin rage gudu da na tsinka jini, wanda likita ya ja kunnenmu kada a kuskura a daina ko da ya ji garau. A wata na takwas aka sake haɗa kuɗi ya koma Indiya. Babban ɗansa da ya raka shi ya ce an zana taswirar zauren a kwamfuta da launuka, aka ga wutar tana shiga ta wani giɓi tana fita ta wani, duka biyun a gaban jijiyoyin hagu, inda naman yake da tudu da kauri, waya kuma take yawan zamewa. Ana cikin ƙona na farko bugun ya fara ja da baya, ya yi nawa, ya tsaya. Aka yi shiru na ɗan lokaci a kan allo, sannan ƙyastu ya karɓa. Suka rufe na biyun, suka jira, suka gwada ta nan da ta can. Likitan ya yago masa guntun takardar da ta nuna daidai wurin tsayawar. Tana cikin jakar da kawu yake ajiye takardun fanshonsa.

A Janairun da ya wuce na ce masa, "Kawu, ku zo mu taka zuwa bakin kogi." Muka gangara a ƙafa, bai tsaya hutawa ba sai sau ɗaya, shi ma don gaisawa da wani ne. Hazo ya rufe tsallaken kogin, ana jin ƙaurin hayaƙi daga can. Dattijon yana kan layinsa da fartanya, yana tono. Bayan sun gaisa ya miƙo wa kawu abin da ya zaro, wata doguwar saiwar tofa, fara sol, mai tsini a baki, ta fi kamu biyu, ta ratsa ƙarƙashin baƙar ƙasar daga gefe zuwa gefe. Kawu ya jujjuya ta a hannu, ya gwada tsinin a ɗan yatsansa, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya tambayi nawa ake sayar da latas bana.